Fanka a Cikin Kabad

Bango ɗaya ne ya raba ajina da nata, kuma bangon bai kai rufi ba, don haka duk abin da ta koya wa 'yan aji huɗu, ni da 'yan aji uku mun sha shi kyauta. Shekaru masu yawa muka yi a haka. A makarantarmu ba mai kiran ta da sunanta. Ajiya muke ce mata, kuma ba don tana adana alli ba. Abin da aka yi mata take adanawa. Ka taka ta yau, ba za ta ce maka kanzil ba. Za ta yi murmushi, ta tambayi lafiyar iyali, ta ninke abin ta sa a ƙasan akwati. Ranar da za ta fito da shi, kai ka daɗe da mantawa.

Ni ba haka Allah ya yi ni ba. Idan aka ɓata min rai, nan take nake zazzage wa mutum kwandon masifa, in koma gida ina cizon yatsa. Shi ya sa nake ganin girmanta, wani lokacin ma har tsoronta nake ji.

Mijinta ya rasu tun 'yarsu tana rarrafe, kuma ba ta sake aure ba. Yarinyar ita kaɗai gare ta, shi ya sa kowa ke ce mata Tilo. Tilo ta tashi da in'ina mai tsanani, irin wadda kalma za ta maƙale mata a wuya har jijiya ta fito. Wan mahaifinta ya taɓa zuwa gidan, ya ji yarinyar na fama da gaisuwa, sai ya ce wa Ajiya kada ta wahalar da kanta, wannan in ta gama firamare an gode wa Allah. Ajiya ta ba shi ruwa ya sha. Ranar da Tilo ta samu gurbin karatun injiniya a jami'a, Ajiya ta yi wanka, ta hau mota, ta je har gidansa. Ta gaishe shi da ladabi, ta maimaita masa maganarsa ba ta rage ko harafi ba, ta faɗa masa inda yarinyar za ta, sannan ta roƙi ruwa ta sha ta tashi. Da ta dawo take ba ni labari, ta ce ruwan gidan nasa ma ba sanyi.

Abin da bakin Tilo ya kasa, hannunta na yi. Tun tana ƙarama ba tocilan ko rediyon da ya tsira a gidan. A shekararta ta ƙarshe aka raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ƙirƙiri wani abu da za ta koya wa yaran firamare yadda ake samun wuta daga rana ko iska. Da wannan aikin ake fita daga jami'a, kuma duk wanda sunansa ke kai, da shi zai nemi aiki gobe. Su biyar ne a ƙungiyar Tilo. Shugabansu wani dogon yaro ne mai tsabta da zaƙin baki, suna ce masa Kyaftin. Da suka rasa makarantar da za ta karɓe su, Tilo ta ce ta san wata. Ajiya ce ta shawo kan Hedimasta, ta kuma ba da ajinta. Sharaɗi ɗaya yarinyar ta kafa: kada abokan aikinta su san Ajiya uwarta ce, don kada a ce alfarma take ci. Duk malamai muka kama bakinmu, har da ni, kuma wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Abin da suka kawo ɗan gida ne na katako, girmansa bai wuce kejin kaji ba. A rufinsa akwai farantin sola, a ciki akwai ƙwan fitila da 'yar fanka. Tilo ce ta yanka katakon, ta ja wayoyin, ta liƙe su da dalma, har yatsunta duk tabon ƙuna. Idan aka ajiye gidan a bakin taga, rana ta bugi farantin, sai fanka ta kama juyi. Kyaftin ke yin dogon bayani, yara na hamma. Tilo kuwa da ba ta iya dogon zance ba, sai ta ƙirƙiro musu wasa. Yara za su ɗaga littattafansu su rufe farantin su ce, "Girgije ya zo," fanka ta tsaya. Su janye su ce, "Rana ta fito," ta ci gaba. Da wannan wasan kaɗai suka gane duk abin da Kyaftin ya ɓata yawunsa a kai. Anti suke ce mata, kuma ban taɓa jin ɗaya ya yi dariyar maganarta ba.

Wata rana ƙungiyar ta zo su huɗu. Muna tsaye a baranda ni da Ajiya, ta tambayi Kyaftin ina Antin yara.

"Ai Malama, mun sauke ta," in ji shi, yana gyara agogonsa. "Kin dai ji yadda take magana. Ranar da manya za su zo duba aikin, kowa sai ya yi bayani. In ta tsaya tana kakare a gabansu, duk mu za ta ja ƙasa. Na yi wa Dakta bayani, ya ba ta wani ɗan rubutu ta yi ita kaɗai."

"To gidan fa? Ba ita ta haɗa ba?"

"Aikin ƙungiya ne, Malama. Ba mai cewa nawa ne."

Na buɗe baki, sai na ji ta taka min ƙafa. Ta yi masa murmushin nan nata, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗana."

Daga baya muka ji irin bayanin da ya yi wa Dakta, malamin da ke duba aikinsu. Cewa ya yi Tilo ba ta zuwa, ba ta taɓa komai ba, sauran ukun kuma suka gyaɗa kai. Da aka kira ta ta kare kanta, magana ta maƙale, Dakta kuma yana sauri. Haka aka cire sunanta daga abin da ta gina da hannunta. Ta zo gida ta yi kukanta, ta kuma roƙi uwar kada ta je jami'a ta yi faɗa. Ajiya ta ce, "Na yi miki alkawari, ƙafata ba za ta taka jami'arku ba." Ta cika alkawarin kuwa.

Ƙungiyar ta ci gaba da zuwa, amma abubuwa suka sauya. Kyaftin ya ɗaura igiya ya kewaye teburin, ya ce kayan kimiyya ba a taɓawa. Wasan girgije ya mutu. Shi da kansa yake ɗaukar gidan ya kai bakin taga, hannunsa ɗaya a bayan bangon, sannan fanka ta tashi. Da sun gama, sai su sa shi a kabad ɗin ajin, su bar wa Ajiya makulli, don wai ita ce suka fi yarda da ita a duk makarantar.

Wata rana bayan an tashi, ina share allo, na ji ta kira ni ta saman bango.

"Maƙwabciya, zo ki taya ni ji."

Na same ta tsaye gaban kabad, ƙofar a rufe. Wani ɗan sauti ke fitowa daga ciki, kamar sauro a kunne. Ashe tura tarin littattafan yara ta yi ciki, suka danne bayan gidan. Ta buɗe ƙofar. Ga fanka na ta juyi, ga fitila a kunne, a cikin duhun kabad. Ta rufe, muka saurara, ta sake buɗewa.

"Ke kin fi ni kimiyya," in ji ta. "Akwai rana a cikin kabad ɗin nan?"

Ta lalubi bayan gidan, ta sami wani ɗan makunni da aka rufe da baƙin salatif. Ta danna, fanka ta mutu. Ni tuni na kai bakin ƙofa, zan je in kira Hedimasta, in kira duniya ma. Ta ce, "Zauna." Na ce in zauna in yi me, ga ɓarayi mun kama. Ta ce idan muka faɗa yau, gobe za su gyara, su ba da haƙuri a ofis, sunan 'yarta kuma yana nan a goge. Ta gyara littattafan yadda ba za su sake taɓa makunnin ba, ta kulle kabad. Ko Tilo ba ta gaya wa ba.

Makonnin da suka biyo baya, ban taɓa ganin Ajiya da fara'a irin haka ba. Kyaftin ya zama ɗanta na kanta. In ya yi bayani, ita ke fara tafi. Ita ta ba shi shawarar ya gayyato iyayen yara ranar duba aikin, don wai irin wannan baiwa bai kamata a ɓoye ta ba. Makullin kabad kuwa ta rataye shi a wuya, ba ta ba kowa, don fargabarta ɗaya ce: kada wani ya kunna abin, ƙarfinsa ya ƙare kafin ranar. Wallahi ko jariri ba a tsaronsa haka.

Kullum kuma kafin a tashi, sai ta farfaɗo da wasan girgije. Ba ta gaya wa yaran komai ba. Kwali ta ajiye a tebur a madadin gidan, ta sa wata yarinya ta zama fanka, tana juya hannu. "Girgije ya zo," yarinya ta tsaya cak. "Rana ta fito," ta ci gaba. Ta ce musu wasan ba-zata ne za su yi wa baƙi, kada su faɗa wa kowa. Har 'yan ajina sun haddace, suna amsawa daga wannan ɓangaren.

Ranar ta zo da rana tas, ko ɗigon girgije babu a sama. Aka tura bencunan yara baya, iyaye suka cika ajin har baranda. Dakta ya zo da wasu malamai biyu masu ba da maki, Hedimasta ya sa rigarsa ta taro. A bango an manna babban ƙyalle mai sunaye huɗu, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba batir, ba mai, rana ce kaɗai. Tilo ba ta zo ba. Ni na bar 'yan ajina da aikin da zai ishe su har gobe, na sami wuri kusa da taga.

Gaskiya yaron ya iya magana, wannan ba zan hana shi ba. Ya yi bayanin rana da iska da hayaƙin janareta har wata uwa ta ce Allah ya ba ta suruki irinsa. Sannan ya ɗauki gidan ya kai bakin taga, hannu a baya, fanka ta tashi, fitila ta kama. Aka yi tafi. Ya dawo gaban baƙi yana ɗan sunkuyawa.

A daidai nan Ajiya ta zagaya a hankali ta tsaya a bayan teburin, jikinta ya tare bangon gidan. Ta dubi Dakta.

"Ranka ya daɗe, yara na da ɗan wasan da suka shirya wa baƙi."

Kafin Kyaftin ya juyo, yara sun tsallake igiya. Suka ɗaga littattafansu suka rufe farantin ruf.

"Girgije ya zo."

Fanka na juyi. Suka dubi juna, suka sake faɗa da ƙarfi, kamar ba ta ji ba ne. Fanka na juyi. Wata ta cire jakarta ta ɗora a kan rufin.

"Malama, ta ƙi tsayawa."

"Ko ba ku rufe da kyau ba?" in ji Ajiya. "Ku ƙara."

Suka ƙara jakunkuna har gidan ya kusa ɓacewa, fitila na ci, fanka na ta aikinta. Kyaftin ya taho da sauri yana cewa a bari ya duba, amma Ajiya ba siririya ba ce, kuma ba ta ga dalilin matsawa ba. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar.

Dakta ya tashi. Ya karɓi sukundireba daga jakar ɗaya daga cikin ɗaliban, ya kwance ƙasan gidan. Ga batura nan a jere an naɗe su da salatif. Kyaftin ya yi saurin cewa ai na ajiyar wuta ne, rana ce ke cika su. Dakta ya zare ɗaya ya ɗaga sama. Batirin tocila ne, irin wanda ake sayarwa a kowane shago, wanda in ya ƙare sai shara. Ya kuma jawo wayar da ta sauko daga farantin, sai ga ta tana lilo, ba ta haɗe da komai ba.

Na ga gumi ya keto wa yaron. Ya dubi abokansa, duk sun sunkuyar da kai. Sai ya yi abin da irinsa ke yi.

"Dakta, ba ni na yi wayoyin ba. Duk haɗin da ke cikin nan, wadda muka cire ce ta yi."

"Ban ji ba, ɗana," in ji Ajiya, da muryar da take yi wa yaro mai ƙunƙuni. "Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Ya ɗaga kuwa, wawan. Ya ce ita ta yanka katako, ita ta ja waya, ita ta liƙa, daga farko har ƙarshe, su ba su taɓa cikin ba.

Dakta ya cire tabarau. "Ba kai ka ce min ba ta taɓa komai ba?"

Kafin ya sami abin faɗa, Ajiya ta juya ga ajinta. "Lokacin da Anti take zuwa, in girgije ya zo, me fanka take yi?"

"Tsayawa take yi," suka amsa baki ɗaya.

"Tun yaushe ta daina tsayawa?"

"Tun da aka sa igiya."

Ɗaya daga cikin 'yan matan ƙungiyar ta fashe da kuka, ta faɗi sauran. Bayan an cire Tilo, gidan ya faɗi a hanya, wani abu ya lalace a ciki, suka kasa gano shi. Ta ce a kira Tilo, Kyaftin ya ce ya gwammace ya mutu. Shi ya sayo baturan.

Dakta ya dubi Ajiya. Sannan ya tambaye ta, cikin girmamawa, mene ne haɗinta da wannan ɗaliba.

"Ni na haife ta," in ji ta.

Da ma a ce kun ga fuskar Kyaftin. Ni dai na gan ta, kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Ban ji tausayinsa ko na ƙwayar zarra ba, har yau kuma ban ji ba. Yaron da ya tsaya a baranda ya gaya wa uwa cewa 'yarta kakare take yi, ga shi tsaye gaban iyaye da yara, bakinsa na motsi, kalma ta ƙi fita. Na so a ce lokaci ya tsaya mu ƙara kallo. Uwar nan mai neman suruki ta ja tsaki ta kama hannun ɗanta ta fita.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ajiya ma haka ta ɗauka. Abin da ba mu sani ba shi ne dokar sashen nasu: maki ɗaya ake ba ƙungiya, in ta ci kowa ya ci, in ta faɗi kowa ya faɗi. Kwamiti ya zauna, ya soke aikin, ya ce ƙungiyar ta maimaita shekara. Ya kuma tabbatar Tilo ce ta gina gidan, ba ta da hannu a batir. Sai suka ba ta zaɓi. Ko ta tsaya a kan ɗan rubutun da aka ba ta, ta fita bana da ƙaramin sakamako, ko a mayar da sunanta kan aikin, ta faɗi tare da ƙungiyar, ta sake gina shi baɗi.

Tilo ta zo makaranta bayan an tashi, ta same mu a ajin Ajiya muna duba littattafai. Ta gaishe ni, ta zauna, ta yi wa uwar bayani a hankali, kalma bayan kalma. Ajiya ta saurara har ƙarshe.

"To ai da sauƙi," in ji ta. "Karɓi sakamakonki ki fito. Duniya ta riga ta ji wanda ya gina gidan. Mun gama da shi."

"Ke k-kika gama, Mama."

"Me kike nufi?"

"Na riga na faɗa musu. A m-mayar da sunana."

Ajiya ta ajiye jan biro. A duk zamana da ita ban taɓa jin ta roƙi kowa ba, amma ranar ta roƙa. Ta ce shekara guda ba wasa ba ce. Ta ce ta gaji, tana so ta ga ƙarshen karatun nan da idonta. Ta ce sa'o'inta za su fita su kama aiki, ita tana nan tana ƙona yatsu a kan abin da ta riga ta gina.

"Don gidan katako za ki zubar da shekara?"

"Ba don g-gidan kaɗai ba," in ji Tilo. Muryarta ba fushi, ba kuka. "Kyaftin ma zai maimaita. Ƙungiya ɗaya, ɗaki ɗaya. Kullum zai shigo ya s-same ni a zaune. In na fita bana, wa zai riƙa k-kallonsa?"

Ta tashi, ta ce tana da lacca, ta yi mana sallama ta fita.

Ajiya ta sauka daga kujerarta ta zauna a kan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa kai wa ƙirji. Ni da bakina ba ya iya zama, na ce, "To, kin ga abin da kika haifa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni duk wanda na rama a kansa, shi kaɗai yake jin ciwon. Wannan da ranta take yi."

Sai ta ɗago ta tambaye ni ko na san wanda zai iya yi wa yarinyar magana ta ji. Na ce ban sani ba. Da gaske kuma ban sani ba.